Juma'ar Nasara

Ni jikan Malam Ibro ne na Guna, kuma ba na faɗin haka da ƙaramar murya. A shekarun ƙuruciyata, lokacin da Faransa ke riƙe da ƙasar Damagaram, gidanmu gida ne mai tsohuwar daraja da sabon talauci. Allunan karatu suna jingine a zaure, amma hatsin rumbu ba ya kai mu damina. Idan sanyi ya shigo, aka ɗauke ƙoran tuwo, kakata Falmata takan sa a hura wutar kara a tsakar gida, ta zube mana gyaɗa a faifai mu ɓare, domin ba ta ba da tatsuniya ga hannun da ke zaune banza. Babarbariya ce, doguwa, mai tsage a kumatu, Hausarta kuwa da nauyi take fita, kalma bisa kalma, kamar magini yana aza tubali.

"Matso nan, angon banza," takan ce da ni, "wanda ko goro bai taɓa kawo wa amaryarsa ba." Idan na matsa, sai ta gyara zama ta ce, "Ga wata tana tafe, ku ba ta hanya." Mu kuma mu amsa, "Ta shigo, mun share mata wuri."

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai guda wadda take komawa kanta har sauran yara suka gundura. Ta Damo ce da rijiyarsa.

Wai Damo yana da rijiya a daji wadda ubansa ya haƙa, kowace dabba tana sha ba a hana ta. Maƙwabcinsa Dila ya daɗe yana haɗiyar yawu a kanta. Ana nan sai wani sabon sarki ya sauka daga bayan ruwan gishiri, Balbela, fari fat, bai san kowa ba, bai san wanda ya haƙa me ba. Shi kuwa Damo yana da rana ɗaya a mako wadda ba ya zuwa gaban kowa sai gaban Ubangijinsa. Dila ya san ranar. Sai ya kai ƙara, ya roƙi a kira Damo a wannan rana. Balbela ya miƙa dogon wuyansa, ya duba gabas, ya duba yamma, bai ga Damo ba, ya ce rijiya ta Dila ce. Damo ya koma raminsa, baƙin ciki ya ci shi har ya mutu.

A nan muryar Kaka takan sauka ƙasa, ta yi sanyi. Matar Damo ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna tana lura, har ta gane cewa shi ma Balbela yana da ranarsa, wadda yake cusa kai cikin fiffike, ba mai tada shi. Da ranar ta zo, ita da 'ya'yanta suka gurgure itacen bakin rijiya. Dila ya zo da gugarsa yana taƙama, ya taka, ya rufta. Daga can ƙasa yana ihu, "A kai ƙara gun sarki! A kai ƙara gun sarki!" Matar Damo ta leƙa ta ce, "Sarki yana hutawa yau, maƙwabci. Ka dakata sai gobe." Sannan ta fara sako masa duwatsu.

Kowane dutse, Kaka takan jefa ɓawon gyaɗa cikin wuta, ta tsaya ta ga ya ƙone kafin ta jefa na gaba. Ƙanwata Hadiza ta taɓa tambayarta, "Kaka, ba ta ji tausayinsa ba?" Ta harare ta. "Tausayi? Tare da Damo aka binne shi. Ɓare gyaɗarki, kishiya mai surutu." Ta kuwa rufe da cewa, "Na sauke ta nan. Wanda ta ƙona, da shi nake."

Sai da na ɗan tasa na fahimci cewa Damo kakana ne. Malam Ibro yana da garka a fadamar Guna, mai dabino da lemu da rijiyar jigo, gadon ubansa. Yana kuma da ɗan baffa mai suna Tanko, wanda ya yi aikin gardi, wato dogarin Nasara, a barikin Zinder, ya san al'adun Nasara ciki da waje. Tanko ya yi da'awar garkar. Bai kai ƙara gun alƙali ba, domin alƙali ya san asalin kowane dabino a ƙasar. Gun kumandan, Banasaren da ke mulkin ƙasar, ya kai, ya kuma shirya aka kira kakana ranar Juma'a da rana tsaka.

Kakana na'ibin liman ne. Barin Juma'a don kiran ɗan Adam abu ne da bai taɓa ratsa zuciyarsa ba. Amma shi ba mai raina hukuma ba ne, sai ya yi wani lissafi irin na mutanen kirki na zamaninsa. A Damagaram, idan aka sauko daga Juma'a, sarki yakan zauna a fada, talakawa su yi gaisuwa, mai kuka ya faɗi kukansa. Kakana ya ji an ce Lahadi ita ce Juma'ar Nasara. Ya ce to, ashe ranar ce kumandan zai fito daga ibadarsa ya zauna wa jama'a, kuma babu girmamawar da ta wuce a je masa a babbar ranarsa. Ya sa babbar rigarsa ta saƙi, ya naɗa rawani, ya ɗaura buhun dabino a jaki don gaisuwa, ya isa bariki ran Lahadi da hantsi. Ya tarar da ƙofa a rufe. Ya zauna a gindin bango yana jiran a buɗe fada.

A nan wani saurayi ya same shi, Bulus, Bahaushe ne wanda ya shiga addinin Almasihu, yana aikin komi a barikin, wato magatakarda. Daga majami'a yake dawowa.

"Baba, wa kake jira a nan cikin rana?"

"Kumandan, ɗana. Na zo in gaishe shi ran Juma'arsa, in faɗi tawa."

Bulus ya durƙusa ya ce, "Baba, Nasara ba sa zaman fada ran Lahadi. In kai ne Malam Ibro, tun shekaranjiya aka yanke. Ɗan'uwanka ya ce wa kumandan ka rantse ba za ka tsaya gaban kafiri ba."

Ya kai shi gidansa, matarsa ta ba shi ruwa, ta shimfiɗa masa sabuwar tabarma ya yi sallarsa a tsakar gidan Kirista. Washegari ko shiga barikin ba a bari ya yi ba. Ya komo Guna da dabinonsa a kan jaki, kuma bai ga ƙarshen wannan shekara ba.

Saboda haka, da aka zo neman yara don lakwal, makarantar Nasara, mutanen garinmu suna ɓoye 'ya'yansu cikin rumbuna, Kaka ta kama hannuna ta kai ni gaban mai gari da kanta. Mata suka yi ta salati, wai ta miƙa jikan malam ga Nasara. Ita kuwa abin da ta ce da ni shi ne, "Je ka koyo mini kwanakinsu da shari'arsu. Ba don ka zama su ba. Don ka san inda itacen yake da rauni."

Shekarar da aka samu mulkin kai na komo gida da labari, ina ɗoki. Tambaya ɗaya ta yi mini: "Yanzu ran Juma'a za a riƙa rufe bariki?" Na ce a'a, Lahadi tana nan yadda take. Ta tofar da yawu cikin toka ta ce, "To, fata ce kawai aka sauya wa gangar." Na yi mata bayani cewa sabuwar dokar ƙasa ta ce hukuma ba ta da addini, kowa ya bi nasa ba mai tsangwamarsa. Ta ce wannan magana ba ta shayar da albasa.

Bayan 'yan shekaru, da na san hanyoyin gidan shari'a na gwamnati, na tada maganar garka. Dattawan Guna sun shaidi asalinta, amma wanda ya ji ƙaryar da aka yi a gaban kumandan, ya kuma ga kakana zaune a ƙofar bariki, mutum ɗaya ne, Bulus. Na same shi a Zinder, ya yi furfura, yana koyar da yara. Ban gama magana ba ya ce, "Tsohon nan mai buhun dabino? Ban taɓa mantawa da shi ba. Zan zo."

Da Tanko ya ji wanda zai ba da shaida, sai tsoron Allah ya sauko masa dare ɗaya. Mutumin da ya tsallake alƙali ya tafi gun Nasara, shi ne ya miƙe da carbi a hannu yana cewa a mai da mu gun alƙali, domin shaidar Kirista ba ta hawa kan Musulmi. Mai shari'a ya ce masa a wannan ɗaki ba a tambayar shaida inda yake ibada, abin da ya gani ake tambayarsa. Malam Bulus ya faɗi abin da ya gani, bai ƙara ba, bai rage ba. Aka mai da mana garkarmu.

Tanko ya zo gida da rakiyar dattawa, yana dogara sanda, yana roƙon a bar masa ko gefe guda, don zumunci da kuma Musulunci. Kaka ta riga ta makance, amma ta gane takunsa. Ta ce, "Tanko, ranar da ka sai da Malam a gaban kumandan, ba alƙibla ɗaya kuke duba ba? Fita mini." Ko reshe ba mu bar masa ba. Na sa aka tumɓuke shingen da ya kafa, aka ƙone shi a bakin hanya inda kowa zai gani.

Yau na fi Kaka tsufa a lokacin da take ba mu wannan tatsuniya, kuma na daɗe ina juya ta. Ita ta mutu tana ganin Lahadi ce ta kashe mijinta. Ba na ce ta yi kuskure gaba ɗaya ba, domin har yanzu makon hukuma bisa ibadar waɗansu aka gina shi, mu kuwa sai mu gutsuro Juma'armu daga cikin lokacin aiki. Amma Balbela jahili ne kawai a tatsuniyar, bai san daji ba. Mugun shi ne Dila, wanda ke sa shari'a kamar riga, ya tuɓe wannan ya sa waccan gwargwadon abin da zai ci. Dokar da baƙi suka bari ta raba mu da garka, wani sashe nata kuma, wanda ya hana a toshe bakin mutum saboda addininsa, shi ya mai da mana ita. Na karɓi wannan sashe da hannu biyu, kuma ina faɗa da duk wanda ya nemi rushe shi, ko da limamin unguwarmu ne.

Da Malam Bulus ya rasu, na sa rawanina na je na tsaya a ƙofar majami'arsu har aka fito da shi, na bi shi zuwa kabari, mutanen Guna suka yi ta maganata har damina ta wuce. Da Tanko ya rasu, liman ya aiko a kira ni, wai jini ɗaya ne, kuma sahu ɗaya muka yi ta tsayawa. Na ce wa ɗan aiken ya gaishe da liman, ina garka ina ban ruwa.