Hajiya Hadiza da Turakun Bakin Teku

Assalamu alaikum. Ku gafarce ni da zan ɗauki lokacinku, ni da aikina buga rubutun wasu ne, ba yin nawa ba. Ranar Talata da hantsi ina biro, wato ofishinmu, a jami'a, nan Bron kusa da Lyon, Amina 'yar Hajiya Hadiza ta kira ni daga Montreuil, gefen Paris. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ce, "Tanti Rakiya, Mama ta cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na rubuta wannan ne don tunawa da Hajiya Hadiza, kuma don ta bar wani aiki wanda in ba a yi shi kafin ƙarshen Oktoba ba, ya yanke.

Mutumiyar Gure ce, inda tudun rairayi ke tafiya yana cinye gonaki. Ilimin rairayin ta zo karantawa Lyon. Da malaminta ya fara tura ta bakin teku, kudu da Montpellier, sai ta kwana biyu tana rubuta masa dabarun hana rairayi matsowa gari. Ya karanta, ya ce ta juya takardar, mutanen nan kuka suke rairayinsu na tafiya. Ita da kanta take ba da labarin, ba ta ɓoye shi ko ga ɗalibai. Takan ce, "A gida korarsa muke, a nan lallashinsa ake ya zauna."

Daga bakinta na san tarihin wurin. A dā fadama ce da sauro, sai masunta, da masu gishiri, da 'yan gonakin inabi a cikin rairayi. Daga baya gwamnati ta kashe sauron, ta gina garuruwan hutu. Yanzu wata biyu na bazara su ke ciyar da shekara: otal, da sansanin masu tanti, da masu sayar da kankara mai zaƙi. Duk abin ya dogara da faɗin rairayin da baƙo zai shimfiɗa tawul, ga shi teku na gutsurarsa.

Tun farkon zuwanta ta kafa turakun ƙarfe shida a bayan wani sansani. Kowace Oktoba takan auna daga turke zuwa bakin tudu. Shekara goma sha ɗaya ina binta, ni ke riƙe bakin igiyar awo. Karon farko na ce ba ni zuwa inda mutane ke yawo ba sutura. Ta ce in kwantar da hankalina, a Oktoba ba kowa sai mu da tsuntsaye, su kuma da gashinsu. A can na fara alwala da ruwan teku, bayan na tambayi malaminmu ya ce ya halatta. Ta yi shekaru tana tsokanata da "Malama mai fatawar gishiri".

Wata shekara iska ta binne turke na huɗu. Muka tona har la'asar ba mu same shi ba. Na ce ai mun san inda yake, mu kimanta. Ta dube ni, ta ce, "Ke da kika yi allo? In ba ki ji aya da kyau ba, kimantawa kike?" Ta bar gurbin fari a littafin awo. Har yau kunyar wannan maganar ba ta sake ni ba.

Mai sansanin, wani tsoho da ake kira Marsel, ya daɗe yana zargin awon nata ne zai sa a rufe masa wuri. Ba ta taɓa rage masa gaskiya ba. Kowace shekara takan zauna ta nuna masa abin da teku ya ci, ya yi ta faɗa, sannan ya kawo mata kafe mai zafi ta sha. Da shawararta ya ja layin tantunansa na gaba baya, ya kafa shingen itace don rairayi ya taru. Ta ce masa irinsa ake yi a Gure, da karan gero. Da na gaya masa rasuwar a waya, sai ya tambaya wa zai zo bana. Ranar ƙarshe ta Oktoba yake kulle ƙofa ya tafi wurin 'yarsa, kuma ta cikin sansaninsa kaɗai ake kaiwa ga turakun. In guguwar hunturu ta wuce ba a auna ba, ba wanda zai san yadda tudun yake kafinta.

Littafin awon yana hannuna, da igiyar. Na san wurin turaku biyar. Amma ba na tuƙi, kuma igiya mutum biyu take so. Amina na jego, ba zan ɗora mata ba.

Allah Ya jiƙan Hajiya Hadiza, Ya yafe mata, Ya haskaka kabarinta, Ya sa ilimin da ta bari ya bi ta. Allah Ya ba Amina da 'yan'uwanta na Gure haƙuri, Ya raya jaririyar da ba ta samu gani ba. Amin.

A cikin ɗalibanta na Lyon ko na Paris, wanda ke da mota da Asabar ɗaya, don Allah ya ba ni amsa cikin makon nan, in sanar da tsohon kada ya kulle.