Jakarta ko Bankok: Tambayar da Na Kai Bukkuyum da Anka

Talata: Gummi zuwa Bukkuyum

Ƙarfe shida saura kwata na asuba na fita daga gidana a Gummi, da takardu biyu a aljihu. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da lissafi a wata sakandare a garin. Takardun na ɗaukar aiki ne daga makarantu biyu na nahiyar Asiya da suka yi mini jarrabawa ta waya, ɗaya a Bankok ta ƙasar Tailan, ɗaya a Jakarta ta Indunisiya. Ta Bankok ta fi albashi nesa ba kusa ba, amma ni kaɗai take so, ba iyali, har shekara biyu. Ta Jakarta albashinta iya cin gida ne, sai dai ta yarda matata Hadiza da yaranmu uku su biyo ni bayan wata shida. Kowacce tana jiran amsa kafin makon ya fita. Hadiza ta ce ba za ta sa baki ba sai na ji ta bakin yayana Umaru a Bukkuyum da Inna a Anka. Abin da ya fitar da ni ke nan.

Sammakona bai amfane ni da komai ba, don yanzu babu motar da ke barin tasha sai gari ya waye tangaran. Na sha koko da ƙosai na naira ɗari biyar, na biya dubu uku da ɗari biyar zuwa Nasarawar Burkullu. Ƙarfe bakwai da minti goma muka tashi, mu bakwai a ƙaramar mota. Direban dattijo ne mai furfura a gemu.

"Direba, ƙarfe nawa za mu isa?" in ji wani fasinja.

"Wanga zamani ba a tambaya hakanan," in ji shi. "Ka dai ce Allah shi kai mu."

A Daki Takwas muka tarar da shingen jami'an tsaro na farko. Kowa ya sauka ya wuce da ƙafa, motar ta same mu a gaba. Daga nan hira ta mutu. Dama da hagu gero ya nuna har ya sunkuya, amma sai mu yi tafiya mai nisa ban ga mutum ɗaya a gona ba. Ƙarfe tara da minti biyar aka tsayar da mu a shinge na biyu, aka ce an ji harbi a gaba da sassafe. Muka zauna a gindin wata bishiyar bedi har sha ɗaya saura, sannan aka haɗa mu ayari, motar sojoji a gaba. Wata mata kusa da ni ba ta daina salati ba har muka sauka. Daga Nasarawa na hau babur, dubu ɗaya da ɗari biyar, na shiga Bukkuyum ana kiran azahar.

Bukkuyum

Yaya Umaru ya girme ni da shekara goma sha biyar, shi ya riƙe ni a makaranta bayan rasuwar Baba. A ƙauyenmu da ke yankin Gwashi rumbu uku yake cikawa. Shekara uku ke nan da ɓarayin daji suka tashi ƙauyen. Yanzu ɗaki biyu yake haya, su tara a ciki, yana tura kurar ruwa yana sayarwa. Na hango shi tafe da kurar, ƙafar wando a naɗe, sai na kau da kai kamar ban gan shi ba har ya ajiye ta.

Matarsa ta kawo mana hoce, wainar dawar nan ta yankinmu, da ruwan shayi. Na lura yaran ba a ba su ba, na ci rabi na ce na ƙoshi. Bayan la'asar na fito da takardun na fassara masa su dalla-dalla.

"Wace ta hi kuɗɗi?" ya tambaya.

"Bankok, Yaya."

"In ka tahi can, kana iya riƙa mu?"

"Zan iya. Har ka bar kurar nan, ka kama sana'a, yara su koma makaranta."

"Waccan ɗin fa?"

"Waccan sai dai abin da ba a rasa ba. Amma za ta fitar da su Hadiza."

Ya daɗe yana murza tafin hannunsa, inda kanta ta fito.

"Nasiru, ba ni yi maka ƙarya. Zuciyata mai kuɗɗin taka so. Kana ganin yadda muke. Amma ɗiyanka Gummi suka kwana, kuma mu ma da munka kwana ƙauye muna cewa abin ba shi kawowa gare mu." Ya miƙo mini takardun. "Kada ka sa ni zaɓe. In na zaɓa, cikina ya zaɓa."

Na ce ina so in je kabarin Baba a ƙauyenmu kafin in bar ƙasar, ko da minti biyar ne. Ya yi wata dariya marar daɗi.

"Ko dubu ɗari ka aje, babu mai babur da ka kai ka. Ni da na gina kabarin ban san ko in gane wurin ba yanzu. Yi mai addu'a daga nan."

A zauren mai gidan hayar aka yi mini shimfiɗa. Sauro ya yi abin da ya saba.

Laraba: Anka

Ƙarfe takwas na koma Nasarawa, na sami mota zuwa Anka a naira dubu biyu da ɗari biyar. Shinge uku muka wuce, ba a tsayar da mu da daɗewa ba. Wani fasinja ya nuna mini wata makarantar firamare a bakin hanya, tagoginta duk an rataye zannuwa. Ba ɗalibai ba ne a ciki, mutanen da aka kora daga ƙauyukansu ne. Goma da rabi muka shiga Anka.

Inna tana zaune wurin yayata Saude tun da aka tashi ƙauye. Yanar ido ta rufe mata gani, sai dai ta bambance rana da inuwa. Da na durƙusa na gaishe ta, ta laluba ta kama kunnena.

"Auta, ka rame. Ko Hadiza ta bar dahuwa?"

Saude ta dama fura da nono. Na jira Inna ta sha, sannan na faɗa mata abin da ya kawo ni. Sunayen biranen sun gagare ta, sai ta raɗa musu nata: garin kuɗɗi da garin ɗiya.

"Akwai masallaci?"

"A garin ɗiya ko'ina masallaci ne, Inna. A ɗayan ma akwai, sai dai da ɗan nema."

"To madalla. Gabas dai ɗaya ce."

"Can yamma ake duba, Inna. Sun wuce Makka."

Ta ajiye ludayin. "Sun wuce Makka? Auta, har akwai abin da mutum ka nema gaba da Makka?"

Sannan ta yi tambayar da tun daga Gummi nake tsoron ta.

"In Allah ya yi min cikawa da sahe, wane gari na ka iske jana'iza?"

"Babu ko ɗaya, Inna. Ko an sami jirgi a ranar, sai an kwana biyu."

"To ka ga wannan ta hita cikin lissahi."

Saude ta tashi ta shiga ɗaki. Inna ta tambaye ni abin da Yaya Umaru ya ce. Na ce ya ƙi zaɓa.

"Ya zaɓa, kunya ta hana shi hwaɗi. Ni na haihe shi." Ta gyara zama. "Saurara. Yunwa na san ta tun ba a haihe ku ba, ba ta kashe mu ba. Abin da ban iya ɗauka shi na a bugo waya a ce an kwashe min jikoki an shiga daji da su. Na ga matan da anka yi ma haka, ga su nan cike da garin ga. Kwashe ɗiyanka ka tahi."

"Inna, in sun tafi, ba lallai ki sake ganin su ba."

"Yanzu ganin su nikai?"

Ta ce in matso. Ta tofa mini addu'a a ka, ta ce ta yafe mini duniya da lahira, ni ma in yafe mata. Ba a yi wa wanda ake sa ran sake gani irin wannan sallama, mu duka mun sani.

Da la'asar Saude ta raka ni bakin hanya sayen maganin Inna. Ta ce, "Kada ƙarfin halinta ya ruɗe ka. Rabon da ta ci tuwo ta cinye tun azumi." Na kwana a ɗakin baƙin mijinta.

Alhamis: komawa Gummi

Ƙarfe bakwai da rabi na sami mota mai zuwa Gummi kai tsaye, naira dubu shida. Da muka zo mararrabar Bukkuyum na yi niyyar sauka in faɗa wa Yaya Umaru baki da baki. Har na taɓa kafaɗar direba. Ya ce, "Malam, sauka?" Na ce a'a, mu je. Ba ni da ƙarfin zuciyar kallon fuskarsa.

Ƙarfe sha ɗaya da kwata muka hango fadamar Gummi, shinkafa kore shar har bakin gulbi. Ban wuce gida ba. Na zauna a benci a tasha na rubuta wa Jakarta na karɓa, na rubuta wa Bankok na gode. Sannan na kira Yaya Umaru.

"Yaya, na ɗauki Jakarta."

Ina jin ƙarar jarkoki a bayansa.

"To," in ji shi. "Ka yi daidai. Allah shi yi albarka, shi tsare ɗiya. Bari in tahi, ana jiran ruwa."

Da na shiga gida Hadiza ta dube ni, ta ɗauko mini ruwan sha, na faɗa mata Jakarta na ɗauka. Yara suka yi ta tsalle za su hau jirgi. Da yamma makarantar ta aiko da murna, ta ce in turo hotona ina murmushi don a nuna wa ɗalibai sabon malaminsu. Sau biyar Hadiza tana ɗauka tana gogewa. A ƙarshe ta ce in bari sai gobe.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya a hanyar da wasu suka bi ba su dawo ba. Na gode wa direbobin da ke fita kullum da ransu a hannu, da Saude da zan bar wa jinyar Inna ita kaɗai. Godiyar da ta fi yi mini nauyi ita ce ta Yaya Umaru. Shi ya sayar da hatsinsa ya koyar da ni lissafin da zai fitar da ni daga ƙasar nan, na zaɓi 'ya'yana a kan nasa, ya sa mini albarka, ya koma tura kurarsa.