Maiƙo a Katin Tsantseni

A layin masu sayar da kayan kwamfuta na hannu, babu mai kiransa da sunan yanka. Tsantseni kowa ke ce masa, kuma ba don yabo aka laƙaba masa ba. In an sauke kwalin kaya, maƙwabtansa su kakkaɓe ƙura su jera a gilashi, shi kuwa sai ya kwance kowane abu, ya bi shi da tsohon burushin haƙori da auduga da sifirit, ya jona ya gwada, sannan ya yarda a taya. Da gyaran rediyo ya fara tun yana saurayi, ya koma talabijin, ya faɗo kwamfuta, amma halin bai sake ba. Masu gaggawa sun sha barin shagonsa su shiga na kusa. Matarsa ta yi mita har ta gaji. Ko babur ɗin kirki ba shi da shi. Abin da ya mallaka kaf a duniya shi ne maganar da ake yi a bayansa, cewa in ka sayi abu wurin Tsantseni, je ka yi barcinka.

Wannan maganar ce ƙanin matarsa ya zo ya tattake da tsakar rana. Auta ake ce masa a gida, ga gemu ya cika fuska amma har yau shagwaɓar ba ta sake shi ba. Sana'arsa haɗa bidiyon biki. Shi ya matsa wa yayarsa sai mijinta ya nemo masa katin girafik, allon nan mai fanka biyu da ake sa wa kwamfuta don ta iya ɗaukar aikin hoto mai nauyi. Tsantseni ya zaɓo masa mafi kyau, ya goge shi har yana ɗaukar ido, ya ba shi ba riba. Ba a jima ba sai ga Auta, ko sallama babu, waya a ɗage tana ɗauka, ya dungurar da katin a kan tebur.

"Jama'a ku zo ku ga aikin mai gaskiya! Yaya, wannan kati ne ko kaskon suya? Ina tsakiyar aikin mutane kwamfuta ta ɗauke. In ni za ka yi wa haka, ina ga bare?"

Maƙwabta suka fito, har da masu barin ciniki a tsaye. Sun daɗe suna jiran wannan rana. Mai shagon dama, wanda kowa ya san da ruwan sabulu yake wanke nasa kayan ya shanya a rana, shi ya fi kowa tafa hannu da salati. Kafin la'asar bidiyon ya zaga wayoyin masu haɗa bidiyo, kuma su ne rabin masu saye a wurin Tsantseni.

Tsantseni ya ɗauki katin. Ya ja ƙofa ya rufe, ya kunna fitilar tebur. Maiƙo dai ga shi nan, ba ƙarya. Ya cire murfin, ya ga abin ya taru a cibiyar fanka, fankar kuma ta fesa shi ko'ina a allon, ƙura ta bi ta manne ta zama baƙin kwaɓi. Ba haka katin ya bar hannunsa ba, ko a gaban wa zai rantse. Ya dangwala da auduga ya kai hanci. Man keken ɗinki ne. Ya san ƙanshin nan sarai, shi ke tarbarsa duk ranar da ya je gaida surukinsa.

Ya wanke allon da sifirit lungu-lungu, tsinken auduga na shiga fari yana fitowa baƙi, ya hure, ya bari ya bushe, ya mayar ya gwada. Kati ya tashi lafiya lau. Ya naɗe shi ya nufi gidan surukai yana shirya maganganun da zai zazzage wa Auta a gaban kowa, har da sa shi ɗaukar sabon bidiyo na ban haƙuri.

A bakin ɗaki ya tarar da tsohon, zaune gefen kekensa. Tela ne da aka yi yayinsa a da. Tun da idonsa ya raunana ba wanda ya sake kawo masa ko yankin ƙyalle, amma kullum sai ya goge keken ya ba shi mai, in ya gama ya bi ƙofofin gida da 'yar butar mansa. Bayan gaisuwa ya jawo hannun Tsantseni ya rage murya, fuskarsa cike da murna.

"Injin nan da ka kawo wa yaron nan, na ji yana gurnani da ya fita. Na ɗan ɗiga masa a fanka ta gefen da yake buɗe. Ka ga hannun nan bai mutu ba. Amma kar ka faɗa masa, ya rantse in na sake taɓa masa kaya zai kira masu sayen ƙarafa su ɗauke keken."

Kuma Auta zai aikata, Tsantseni ya sani. Mutumin da ya iya tozarta mijin yayarsa a kasuwa, keken ɗinki ne zai gagare shi?

Sai ga Auta ya fito yana sakace haƙori. Ya karɓi katin ya jujjuya.

"To, Yaya, ka gano daga ina man ya fito? Don wallahi sai an faɗa mini wanda ya ɓata mini aiki."

Tsantseni ya dubi surukinsa. Idon tsohon ne ya mutu, kunnensa ras yake, ya ji komai kuma ya gane komai. Kalma ɗaya kawai ake nema daga bakin tsohon. Tsantseni ya jira, ya ƙara jira. Tsoho ya sunkuyar da kai, ya sa ƙafa ya tura butar man ƙarƙashin kujera.

"Daga shagona ne," in ji Tsantseni.

"Yawwa! Tsaya, ban kunna ba." Auta ya ɗaga waya. "Maimaita."

Tsantseni ya maimaita, a fili, yadda kowa zai ji. Ya saka takalmansa. Har ya kai ƙofa ya ji muryar tsohon a bayansa, can ƙasa-ƙasa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Tun da ya auri 'yar gidan nan bai taɓa jin wannan addu'ar ya ƙi amsawa ba. Ranar bai ce amin ba.