Fayil ɗin Ƙanin Anti Taifis

Shekara goma sha ɗaya Anti Taifis ta yi tana buga wa marubuta littattafansu a wani ɗan shago a ƙarƙashin bene, daga ita sai kwamfuta da fanka mai ƙara. Cikin masu kawo mata aiki, biyu ba sa ga-maciji. Akwai Malamin Lissafi, wanda sufeton littafinsa ba ya kuskure: guntun taba kawai zai gani ya kamo mai kisa. Akwai kuma Dogo, wanda a labaransa kowane ɗan sanda ɓarawo ne, alƙali kuwa ɗan kasuwa. Ita dai dariya take yi, ta gyara musu waƙafi.

Wata Talata da hantsi aka yi kame a bakin tasha, bayan an fasa wani shagon waya. Aka haɗa da ƙaninta Auta, yana tsugune yana facin taya.

Malamin Lissafi ya ce, "Kwantar da hankalinki, bincike zai wanke shi."

Dogo ya ce, "Wane bincike? Ki nemi wanda za ki gani a gefe."

Ta tafi ofishin 'yan sanda da shirin haɗuwa da gwarzo ko mugu. Sai ta tarar da wani sajan mai furfura yana haɗiyar maganin hawan jini. Ya ba ta kujera, ya saurare ta har ƙarshe.

"'Yar'uwa, ni ma ban ga laifin ƙanin naki ba. Amma wanda ya buɗe fayil ɗin an canja masa wurin aiki."

"To ina fayil ɗin, yallaɓai?"

Ya nuna mata wani ɗaki, takardu har rufi, yoyo ya ci rabinsu.

Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya nemi ko sisi. Kotu dai ta yi ta ɗage zama: yau babu motar kawo fursunoni, gobe mai gabatar da ƙara yana hutu. A shekara ta biyu matar Auta ta koma gidansu. A ta uku mahaifiyarsu ta rasu, tana tambayar ko an sa ranar shari'a.

Yanzu an shiga ta biyar. Ranar ziyara ta kai wa Auta sabulu da man ƙaiƙayi gidan yari, ta fara cewa, "Lauya ya ce wata mai zuwa..."

Ya girgiza kai. Haƙoransa biyu na gaba sun zube.

"Yaya, don Allah ki daina faɗa mini rana. Ranar ta zo ta wuce a banza ya fi mini zaman nan ciwo."

Ta ce to. Ta miƙa masa sabulun da man, gandiroba ya buga ƙofa.