Hannun Surukina Ta Cikin Zana

Shekarun baya can, lokacin da jihar Kebbi take sabuwa fil, ni ce uwar iyayi ta garin Jega. Ban daɗe da ajiye aikin jinya na gwamnati ba, na buɗe ɗan kemis kusa da kasuwa, na raba shagon biyu da labule: gaba sayar da magani, baya wankin ciwo da awon jini. Ina da farar riga da ta sha guga, ina da abin awon hawan jini irin na da, wanda ake naɗa wa mutum a damtse a yi ta matsa 'yar roba, mai awo ya toshe kunnuwansa da abin saurare. A lokacin gani nake duk ƙasar Gwandu babu wayayyiya kamata.

Akwai wata magana da ba ta barin bakina. Duk matar da ta shigo tana noƙe-noƙe, tana rufe fuska da mayafi ta kasa faɗin inda ke mata ciwo, sai in ce, "Ke, aje kunya ƙofar shago, in kin hita ki ɗauki abinki. Kunyag ga ita ka kashe ku." Har 'yan kasuwa suka haddace ta, in na wuce mahauta su riƙa jefo mini ita suna dariya. Ni kuwa daɗi nake ji, kaina na ƙara girma.

Ana nan sai wani likita da ya koyar da mu a Sakkwato ya zo da wani aiki. So yake ya gano abin da ke sa wasu tsofaffin ƙauyukanmu su daɗe a duniya da ƙarfinsu, suna noma suna kiwo, alhali na birni da sun ɗan manyanta sai ciwo. Ya ɗauki 'yan mata da za su riƙa yi wa tsofaffi tambayoyi, me suke ci, wane aiki suke yi, ya sa ni shugabarsu. Awon jinin kuwa ni kaɗai na iya shi a cikinmu. Tambayar ƙarshe da kansa yake yin ta: "Bayan ikon Allah, me kake gani ya kawo ka waɗannan shekaru?"

Mun zaga Birnin Malam, mun je Jiga Makera, mun leƙa ƙauyukan Maiyama. Wani ya ce fura da nono, wani ya ce noma, wani ya ce bai taɓa kwana da mutum a zuciya ba. Wata tsohuwa ta kalli jakata ta ce ita dai sirrinta ɗaya ne, ba ta taɓa shan maganinmu ba. Ko'ina muka sauka ni ke buɗe taro, in tsaya tsakiyar dattawa in yi ta zuba, in rufe da maganar nan tawa ta kunya.

Sai ranar zuwa Alelu ta zo, kuma Alelu garin mijina ne.

Sai na ɗan yi muku bayani, don yaran yanzu da ke cin abinci kwano ɗaya da surukansu ba za su gane ba. Mijina direban babbar mota ne, yana ɗaukar albasa daga Aliero zuwa kudu, kuma shi ne ɗan fari a gidansu. Mahaifinsa, wanda muke kira Baba, jinin Fulani ne ta wajen uwa, kunyarsa ninki biyu ce. Ko sunan ɗansa ba ya faɗa, sai dai ya ce "wancan", ni kuma "matar wancan". Tun da aka yi aurenmu ban taɓa kallon fuskarsa ba, bai taɓa kallon tawa ba. In na je gaisuwa, daga bayan zana nake durƙusawa, in gaida uwar mijina, Inna, ita ta kai masa gaisuwar, duk da yana jin komai. Da za a jera mini tsofaffi a ce in nuna surukina, da takalminsa zan gane shi.

Na san ranar Baba zai kasance a fadama wajen albasarsa, don haka hankalina kwance na tsaya ƙofar gidan mai gari ina ta jawabi. Na kai daidai "kunyag ga ita ka kashe ku" ke nan sai mai gari ya ce, "Madalla, ga babban tsohonmu nan tahe, shi za a hwara aunawa." Na juya, idona ya sauka a kan takalmin.

Wallahi ban san lokacin da na cire nawa takalmin ba. Shugabar tawaga guda, da farar riga da abin saurare rataye a wuya, sai ga ni durƙushe bayan motar likita ina rufe fuska da mayafin wata daga cikin 'yan matana. Shi ma Baba ya tsaya cak, ya dubi sama, ya ce wa mai gari, "Af, na mance ban ɗaure akuya ba." Ya juya ya tafi da sauri irin na saurayi. Likita ya yi dariya har da riƙe ciki, 'yan matan kuma suka samu abin yi, duk hanyar komawa Jega suna tambayata ko na manta ban ajiye tawa kunyar a ƙofar shago ba.

An auna tsofaffin Alelu kaf ranar, banda shi. Kuma in faɗa muku gaskiya, ajiyar zuciya na yi da ya tafi. Wannan ajiyar zuciyar ita ce har yau in na tuna nake jin kamar in nutse.

Bayan an cire albasa, zafi ya kankama, wata safiya ina share shago sai ga Inna da kanta. Ba ta taɓa zuwa shagona ba. Bayan gaisuwa ta ce, "Ɗiyata, Babanku ba shi da lahiya. Kwana biyu kai nai na sara, jiri na ɗibatai, yau da asuba buta ta suɓuce mai a hannu. Ya ce ba shi zuwa asibiti, wai duk wanda yat tahi da ƙahwa tai ɗauko shi aka yi."

Mijina yana can kudu, babu waya a lokacin balle in neme shi. Likita ya koma Sakkwato. Na ce, "Inna, to ni ya zan yi? Ba ni iya taɓa hannun Baba."

Ta ce, "Ɗauko abin awonki. Na san dabarat da za mu yi."

Dabarar Inna ita ce ta sa wuƙa ta yanka 'yar kafa a zanan da ya raba turakar Baba da tsakar gida. Shi ya zauna can ciki, ni na durƙusa nan waje, ita ta tsaya a bakin ƙofa inda take ganinmu duka. Ta ce, "Malam, miƙo hannu." Can sai hannun ya leƙo ta kafar a hankali, busasshe, duk jijiyoyi, da sauran ƙasar fadama a farcensa.

Na naɗa, na matsa, na kasa kunne. Ban ji komai ba sai bugun zuciyata ni kaina, dum dum, ta cika mini kunnuwa. Na sake, zufa na shiga mini ido. Inna ta ce, "Mi kika ji?" Na ce ban ji ba tukuna. Sai da na yi bisimilla na rufe ido sannan na kama bugun nasa, na buɗe ido na kalli allurar. Tun da nake awo ban taɓa ganin ta tsaya a inda ta tsaya ba, jinin ya hau ƙwarai.

Na ce, "Inna, ki ce ma Baba shi matse min yatsu." Ta faɗa masa. Yatsunsa suka ɗan motsa a tafina, babu ƙarfi ko na jariri. Daga cikin zana na ji ya ce, "Ki ce ma matar wancan lahiyata lau," amma maganar ta fito da nauyi, kamar mai tuwo a baki.

Na san alamun shanyewar ɓarin jiki, na kuma san ba a jira da su. Amma sai na ga fuskarsa zan tabbata, ga shi idon Inna ya yi rauni, na tambaye ta ko bakinsa ya karkace ta ce ita ba ta ga komai ba. Ina durƙushe riƙe da hannun, ga zana tsakaninmu, na tuna duk matan da na yi wa tsawa a shagona. Ashe abin da nake cewa su ajiye a ƙofa nauyinsa ya kai haka.

Na saki hannun, na miƙe, na ratsa ta gefen Inna na shiga turakar surukina.

Ranar na fara ganin fuskarsa. Dogon hanci, farin gemu, kamarsu ɗaya da ɗana na biyu. Ya zaro ido, ya ɗaga hannu mai lafiyar zai rufe fuska da rawani, na riƙe rawanin. Na ce, "Baba, dube ni. Yi murmushi." Inna ta rafka salati. Na ce, "Baba, hito da halshe." Jama'a, ni ce na sa surukina ya yi mini gwalo a cikin ɗakinsa. Bakin ya karkace gefe guda, harshen ma haka.

Daga nan ban ƙara neman izinin kowa ba. Na fita ƙofar gida ba mayafi ina ƙwala wa maƙwabta kira, na sa aka tare wata a-kori-kura da ta zo ɗaukar albasa. Baba yana cewa ba shi zuwa, na ce, "Zuwa za ka yi, Baba, ko kana so ko ba ka so. Ku ɗauke shi." Mazan suka tsaya suna kallon juna, na daka musu tsawar da ban san ina da ita ba, suka ɗauke shi. Har muka isa babban asibiti a Birnin Kebbi ina riƙe da tsintsiyar hannunsa, shi idonsa a rufe, ni ina kallon gonaki.

Allah ya sa da sauran kwana. Ya yi jinya, maganarsa ta dawo, hannun ya dawo a hankali, sai ɗan jan ƙafa da ya rage. Amma ni labarina ya riga ni komawa Alelu. Wai matar wancan ta faɗa turakar suruki, ta fizge masa rawani, ta sa shi gwalo, ta sa an ɗauke shi kamar buhu. In na shiga gidan biki sai in ga ana taɓa juna. Wata gwaggon mijina ta ce a gabana, "Boko dai ya ɗebe ma ɗiyan yanzu kunya." Ni kaina ban san ko ƙarya ta yi ba. Mijina da ya dawo ya yi mini godiya, amma ko shi da na ba shi labarin gwalon sai da ya rufe fuska.

Na ɗauke ƙafa daga Alelu, magani ma aikawa nake yi. Ina ganin Baba ba zai ƙara son jin ko sunana ba. Sai ga Inna ta sake zuwa shago ta ce, "Wai yaushe za ki taho? Hannun na jiranki."

Da na je na tarar an sake sabon zana, amma kafar tana nan a daidai wurinta, har an daje bakinta da tsumma don kada ta karce shi. Inna ta ce shi ya zauna ya yi da kansa. Muka koma yadda muke, shi ciki, ni waje, Inna na kai saƙo. Ta bakinta na hana shi gishiri da kanwa, ta bakinta yake ƙorafin miya ta zama lami. Ba mu ƙara haɗa ido ba har ya bar duniya, kuma ya daɗe ƙwarai bayan nan, sai da ya ga auren jikokinsa.

Likita ya dawo daga baya don ya ƙarasa aikinsa, ya ce saura tsoho ɗaya a Alelu. Ya shiga turaka ya zauna da Baba, ni ina waje riƙe da hannun ta kafar zana ina awo. Na ji ya yi masa tambayar nan tasa ta ƙarshe, bayan ikon Allah me ya kawo shi waɗannan shekaru. Baba ya yi gyaran murya, ya ce, "Likita, wasu hura za su ce maka, wasu noma. Ni dai abin da nig gani, mutum shi roƙi Allah shi ba shi suruka marar kunya."

Likita ya fashe da dariya, Inna ma haka. Ni kuwa na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan abin awon, don hannun da ke cikin nawa ya matse mini yatsu da ƙarfi, abin da ya kasa yi ranar farko.

Na ci gaba da shagona, ya girma, na ɗauki ma'aikata, na horar da yara da yawa. Amma tun daga lokacin ban ƙara ce wa kowa ya ajiye kunya a ƙofa ba. In mace ta shigo tana noƙewa, labule nake ja in zauna kusa da ita in jira, haka kuma nake koya wa masu aiki a ƙarƙashina. Ban san abin da binciken likita ya gano a ƙarshe ba. Abin da na sani shi ne na yi jikoki yanzu, ni ma surukar wasu ce, amma har gobe in na tuna na ce wa Baba ya fito da harshe, sai na ja mayafi na rufe fuska ko da ni kaɗai ce a ɗaki. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.