Masarar da Muka Ba Wuta

Murhu ne ya sa na kama gidan nan na bayan garin Hyattsville, a Amurka. Ƙaramin gida ne na katako, na'urar ɗumama shi ta daɗe da mutuwa, mai gidan kuwa maimakon ya gyara sai ya sayo wani sabon murhu da aka fara yayi a ƙarshen shekarun tamanin ya dasa a falo. Baƙin ƙarfe ne mai tagar gilashi, kana zaune kana kallon harshen wuta yana rangaji. Ni kuma littattafan soyayya ne suka cika min kai, waɗanda ƙanwata ke aiko min daga Zariya. Ina ganinsa na hango ni da amaryata a gabansa, dusar ƙanƙara na sauka a waje, ina gaya mata cewa hasken fuskarta ya kunyata wata. Ban tambayi komai ba na ce na karɓa.

Murhun ba ya cin itace. Abincinsa wasu ƙwayoyi ne na garin katako da aka matse, ana sayar da su a buhu. Ka zuba a wani akwati da ke samansa, wani ƙarfe mai aiki da lantarki ya riƙa murɗawa yana sako su kaɗan-kaɗan cikin wutar. Ina sayen buhu ɗaya ko biyu in na taso daga tuƙin tasi, kamar yadda ake sayen itace a gidanmu: ɗaurin yau na yau, gobe mai jaki zai sake wucewa. Wa ya taɓa jin an ce itace ya ƙare a duniya? Ashe masu irin murhun nan tun kaka suke sayen na shekara su jibge a gareji.

A tsakiyar hunturu matata ta haihu, wata bakwai. Ɗa namiji, bai fi tafin hannuna biyu ba. Ya jima a kwalba kafin su ba mu shi, kuma ranar da za mu fito wata ma'aikaciyar asibitin ta tsare ni da ido ta ce abu biyu: kada ya shiga cikin mutane, kada kuma ya ji sanyi. Ta ƙara da cewa in gidanmu babu ɗumi in faɗa mata tun yanzu, su riƙe shi. Na ce gidanmu har zufa ake yi.

Mahaifiyar matata tana can gida, saboda haka wata dattijuwa ce ta zo zaman jego. 'Yar zangon Kumasi ce, tana sayar da yaji da daddawa a Wheaton, ta ɗauke mu 'ya'ya, muna ce mata Iya. Ranar da ta iso ta zagaya murhun, ta ɗebi ƙwayoyin ta shinshina.

"Wannan kashin awakin ne wutarku?"

"Iya, na zamani ne."

"To sarkin soyayya, nuna min inda ake ƙara masa ƙarfi."

Na nuna mata. Ta murɗa shi har ƙarshe, bai sake dawowa ba. Maijego, in ji ta, da wuta ake rainonta, in sanyi ya shige ta yanzu sai ya bi ta har tsufa. Safe da yamma tana tafasa ruwa a kicin tana gasa ta da tawul, ta dama mata kunun kanwa, ta jawo katifa gaban murhun ta kwantar da su, uwa da ɗa. Buhun da ke yi mana kwanaki ya koma ba ya kai wayewar gari biyu. Ban damu ba. Na ga matata tana murmurewa, kumatunta na sheƙi a hasken wutar.

Sai wani sanyi ya sauko wanda har 'yan garin suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Na je shagon da na saba, na tarar da wurin buhunan wayam. Yaron shagon ya ce daga nesa ake kawo su, hanyoyi sun daskare, kowa kuma ya ruga ya kwashe. Yaushe za su zo? Ya ɗaga kafaɗa.

Washegari da safe abin da ya rage a gida bai cika ƙwarya ba. Na rage wutar har ta zama kamar ta aci-balbal. Mun gwada hita ta lantarki, amma wayoyin gidan tsofaffi ne, da an kunna ta sai wutar gidan duka ta ɗauke, har da ta murhun. Gidan Iya cike yake da jikoki masu tari. Abokaina kuwa gwauraye ne, a cunkushe a ɗaki ɗaya. Iya ta kunna tanda a kicin ta bar ƙofarta a buɗe, amma ɗumin bai ƙetare bakin ƙofa ba.

Matata ta kama hannuna. "Yaya, in muka mayar da shi asibiti ba za su sake ba mu shi ba. Za su ce ba mu iya riƙo ba."

Na ce mata, irin na masoyan littafi, "Ƙanwata, ko a bakin zaki suke zan ciro su."

Iya ta ce, "Bar zaki ya huta. Ka je shago."

Ban ɗauki fasinja ko ɗaya ba ranar nan. Na bi shagunan kayan gini, na bi na kayan lambu, na bi gidajen mai. Wasu ma ba su taɓa jin abin ba, sai su nuna min ɗaurin itace. A wani wurin an rubuta a kwali an manna a ƙofa cewa babu, kada a tambaya. Na shiga na tambaya duk da haka. Wajen Wheaton na hango wani Bature a motar a-kori-kura, bayanta da buhuna irin waɗanda nake nema. Na bi shi. Ya juya, na juya. Da danja ta tsayar da mu na fito a guje na ƙwanƙwasa gilashinsa. Ya danna makulli, ya sauke gilashin da ƙyar kamar faɗin yatsa. Turancina duk ya watse. Na ce jariri, na ce sanyi, na haɗa hannuwa biyu. Ya ce in yi haƙuri, na mahaifiyarsa ne, ita ma tsohuwa ce. Danja ta ba da hannu, ya tafi, na bayana suka dame ni da oda. Ban ji haushinsa ba. Na dai tsaya a tsakiyar titi ina jin hawaye na daskarewa a gefen hancina.

Bayan azahar na tsaya a akwatin tarho na kira gida. Iya ce ta ɗauka, babu tsokana a muryarta.

"Ka samu?"

"Tukuna, Iya."

"Yaron nan ya ƙi kama nono tun hantsi. Na sa shi a ƙirjin uwarsa na lulluɓe su, amma ƙafarsa kamar randa. In magariba ta yi ba wuta, asibiti za mu, ko uwarsa ta yi kuka ko kada ta yi."

Na ajiye kan tarhon. A littattafan da na karanta, a irin wannan gaɓar ce wani attajiri ke tsayawa da mota ya tambayi saurayi abin da ke damunsa. Na duba titi, babu kowa sai motar kwasar ƙanƙara.

Na nausa gabas ba tare da sanin inda zan je ba, na wuce Mitchellville, wadda a lokacin gonaki suka fi gidaje yawa a cikinta. Can na ga wani shagon abincin dabbobi. Wata mata ce a ciki, ƙatuwa, da takalmin roba har gwiwa. Na tambaye ta ƙwayoyin murhu, ta ce ba ta sayar da su. Ban san abin da ta gani a fuskata ba, har na kai ƙofa ta kira ni. Ta ce wani maƙwabcinta yana zuba busasshiyar masara a irin murhun nan, yana gauraya ta da ƙwayoyin, tana ci, sai dai tana barin toka mai tauri da sai an riƙa kankarewa. Ta ce ba ta yi min alkawari ba.

Na buɗe buhun masarar da take sayarwa na tsoma hannu. Masara ce tsaba, ja, mai kyau, irin wadda za a surfa a yi tuwo. Na taso a gidan da in ƙwayar hatsi ta faɗi ƙasa sai ka tsugunna ka tsince ta, kuma ina yaro na ga shekarar fari, na ga mata suna tona gidan tururuwa. Na biya, na cika but ɗin tasi da buhuna.

Rana ta yi ja lokacin da na isa. Falon ya yi sanyi har numfashi na fita kamar hayaƙi. Na kinkimo buhu na kwance bakinsa, Iya ta leƙa.

"Tuwo za mu yi da sanyin nan?"

"A murhu zan zuba, Iya."

Ta dube ni kamar na zagi mahaifinta. Ta matso ta tsaya tsakanina da murhun.

"Abinci? Abinci za ka ƙona? Kai ɗan Musulmi ne kuwa? Mutane na kwana da yunwa a garinku, kai ka zo Amurka ka ba wuta hatsi? Wallahi ba a gabana ba. Alhakinsa kaɗai ya isa ya hana yaron nan albarka."

"Iya, na zagaye duniya, babu."

"To a tafi asibiti."

Rabin zuciyata tana bayanta. Sai muryar matata ta fito daga ƙarƙashin barguna, a shaƙe.

"Iya, zo ki taɓa shi. Ki taɓa shi, sannan ki faɗi abin da za a yi. Duk abin da kika ce shi ke nan."

Iya ta durƙusa ta zura hannu cikin bargon. Ta daɗe a haka, bakinta na motsi. Da ta miƙe ba ta dube ni ba, ta wuce kicin ta ɗauko babban kwano. Ta cika shi da masarar har ya yi tozo, ta ajiye gefe.

"Wannan na baki ne. Gobe a kai wa masu bukata, kada a ce duk wuta ta ci." Ta sake cika wani. "Wannan kuma na kunun maijego."

Sannan ta ɗebi tafi guda, ta yi bisimilla, ta ce, "Allah ka gani, ba wulaƙanci ba ne," ta zuba da hannunta a kan 'yan ƙwayoyin da suka rage. Na ƙara, na gauraya, na murɗa.

Ƙarfen ya yi gurnani. Tsabar ta fara gangarowa tana faɗawa ɗaya-ɗaya. Wutar ta dushe har na ce ta mutu, gilashin ya yi baƙi. Can sai wani shuɗin harshe ya lasa gefe, ya ja baya, ya sake lasowa, ya kama. Ƙamshi ya tashi kamar na masarar da ake gasawa a bakin tasha da damina.

Na tsugunna da cokali a hannu ina jiran tokar da aka ce za ta daskare. Iya ta jawo katifar ta matso da ita, ta zauna ta riƙe ƙafar yaron a tafinta tana murzawa. Aka jima har tagogi suka fara gumi. Sai muka ji wani ɗan ƙaramin kuka, siriri, mai fushi, matata ta gyara shi a ƙirjinta, kukan ya yanke. Ta ɗago ta dube mu.

"Ya kama," in ji ta.

Iya ta share ido da gefen mayafinta, ta harare ni.

"Kai kuma ka zauna kana kallon mutane? Tashi ka shigo da sauran buhunan kafin su jiƙe."