Kombo, Ka Tafi da Jan Zarena

Ranar Talata, tara ga watan Yuli, ina zaune a shagona da ke tashar jiragen ruwa ta Shimoni aka bugo mini waya daga Lesotho cewa Kombo Mwachangoma ya rasu a ƙarƙashin ruwan wata madatsa da ke can cikin duwatsu. Mu na Allah ne, kuma gare Shi za mu koma. Musulmin da ke can suka yi masa sutura. Mu nan salla muka yi masa babu gawa a gabanmu. Jakar kayansa ce kawai ta dawo.

Kombo, da kai zan yi magana, don raina a ɓace yake, kuma ban saba ɓoye maka ba.

Kai ka fara ɗora na'urar numfashi a hannuna. A lokacin gyaran risho da facin keke nake yi, na bar sakandare ba tare da wata takardar kirki ba, kai kuma kana kai baƙi nutso a Kisite. Ka ajiye mini wata matacciyar regileta, na'urar da mai nutso ke shaƙar iska da ita, da gishiri ya cinye, ka ce, “Shee, in ka tayar da wannan na bar kiran ka mai faci.” Na tayar da ita. Babu wanda ya koya mini, idona da hannuna ne suka yi aikin. Daga ranar ka koma kira na Fundi, wato gwanin gyara, gari ya ɗauka. Ita kuma regiletar ka sa mata suna Tsohuwa, ba ka sake shiga ruwa da wata ba.

Alherinka ba ya buƙatar shaidata. Yaran Wasini da yawa a bayanka suka koyi iyo. Ranar da ragar Mzee Makame ta maƙale a duwatsun murjani na ƙarƙashin teku, ka bar baƙinka a jirgi suna ƙorafi da Jamusanci, ka sauka ka kwance masa ita, ka ƙi karɓar ko kifi ɗaya. Da matata ta kwanta a asibitin Msambweni, kai ka riƙe mini shago, duk da ba ka iya ɗaura ko noti daidai ba. Kuma ba ka taɓa zuwa wajena da safe babu soyayyen burodin mahamri a takarda ba, sai dai rabi kake cinyewa a hanya.

Duk mai nutso daga Diani zuwa Vanga ya san al'adata. Regiletar da na kwance, na wanke, na sauya mata robobi, na gwada, ina ɗaura mata jan zare a gindin tiyo. Ma'anarsa ita ce Fundi Shee ya ce a shaƙa. Tun da na fara ɗaura zaren nan ba a taɓa ɗauko gawa da shi a jikinta ba. Ba ni da digiri, ba ni da allo mai fitila a ƙofar shago. Zaren nan shi ne duk abin da na tara.

Da aka kira ka aikin duba ƙarafan madatsar nan, na zaunar da kai. Na ce maka ruwan can ba namu ba ne. Iskar da ke fitowa daga tukunyar da mai nutso ke goyawa da ƙarfi sanyi take yi, a ruwanmu mai ɗumi ba a ji, amma a ruwan da ya kusa daskarewa ƙanƙara takan kama cikin kan regileta, bawul ya tsaya a buɗe, iska ta ɓalle har tukunya ta ƙare. Tsohuwa buɗaɗɗen kai gare ta, ruwa na shiga yana fita, don tekunmu aka yi ta. Na haɗa maka wata mai rufaffen kai, ta ruwan sanyi, wadda na ajiye ban taɓa bai wa kowa haya ba.

Ka yi dariya. “Fundi, ƙanƙara a cikin ruwa? Sai ka ce kwalbar lemo.”

“Ka rantse za ka tafi da ita.”

“Haba mai faci, yaushe ka zama uwata? Na rantse.”

Ranar tafiya ka ɗaga mini akwatin sabuwar regiletar ta tagar motar haya ta matatu, kana murmushi. Na koma shago hankalina kwance.

Tseliso, abokin nutsonka na can, shi ya gaya mini sauran. Kuna ƙasa a bakin ƙarafan ya ga kumfa ta turnuƙe inda kake, ruwan kuma duhu ne da laka. Kafin ya lalubo ka tukunyarka ta ƙare.

A bainar jama'a aka buɗe jakarka a tasha. Tsohuwa ce a ciki, da jan zarena a wuyanta. Ban ji wanda ya fara faɗa ba, amma kafin la'asar maganar ta kai Diani, wai kayan Fundi ya kashe Kombo. Masu jirage biyu suka aiko a karɓi kayansu ban gama gyarawa ba. Wani da na koya wa yadda ake rufe murfin kai kafin a jiƙa regileta a ruwan daɗi, ya wuce ni a ƙofar masallaci yana duba ƙasa. Ban kare kaina ba, don yin hakan yana nufin in tona maka asiri kabarinka bai bushe ba.

Bayan an tashi daga zaman makoki, matarka Bi Riziki ta zo shago da wani abu a naɗe cikin zani. Ta ruwan sanyin ce, ko jiƙewa ba ta yi ba. A ƙarƙashin gado ka bar ta.

Ta kira ni da sunan 'yata, ta ce, “Baban Zuhura, Kombo ya ce kar in gaya maka, za ka yi masa faɗa. Wai robar bakin sabuwar tana buga masa giɓinsa. Wai Tsohuwa ce ta san haƙoransa.”

Robar baki, Kombo! Ɗan abin da ake cizawa. Shekara nawa kana zama a kan bencina kana kallo ina cire ta a wannan in ɗaura a waccan? Igiyar roba ɗaya ce ke riƙe da ita. Da ka buɗe baki ka ce tana damun ka, da kafin gahawarka ta huce na mayar da robar Tsohuwa a kan sabuwar, ka tafi da haƙoranka da numfashinka gaba ɗaya. Ka gwammace ka yi mini rantsuwa, ka ɗaga mini akwati ta taga. Ka ji tsoron faɗana fiye da ruwan da ba ka sani ba. Ka bar mace da 'ya'ya, ka bar ni da sunan da na gina da hannuna ana taka shi a tasha.

Bi Riziki ce ta ce in rubuta wannan. Ta ce, “Ka faɗa, shi ya riga ya tafi, kai kana da sauran baki da za ka ciyar.” To na faɗa. Tsohuwa ba ta da laifi, zarena ma ba shi da laifi, kuma ba zan yanke shi daga wuyanta ba. Masu nutso na gaɓar nan, duk wanda aka kira aikin ruwan sanyi ya zo mu zauna tukuna, abin da ke damun sa a kayan ya faɗa, komai ƙanƙantarsa.

Da liman ya nemi a yafe maka, bakina ya ce na yafe. Zuciyata tana tafe a baya, ina roƙon Allah Ya iso da ita.

Allah Ya jiƙan ka, Kombo. Ya karɓi mutuwar ruwa a matsayin shahada, Ya yafe maka rantsuwar nan, Ya sanya ragar Mzee Makame da yaran Wasini a mizaninka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Bi Riziki, da 'ya'yanka Mwanaidi da Hamadi, da mahaifiyarka a Wasini. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari.

Jiya na cire robar bakin Tsohuwa na ɗaura a sabuwar. Na zuba gahawa kafin in fara. Da na gama, tana nan da zafinta.

Fundi Shee Bwanaheri, Shimoni